Jika 500 a hannu, kowa na nuna mini inda zan kai su

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maradi, da ɗiya huɗu. Sana'ata man gujiya da ƙuli-ƙuli. Maigidana ɗan kabu-kabu ne, yau a samu, gobe a yi haƙuri. A kakar nan na kwashi adashinmu, jika 300. Mu 12 ne, kowa na zuba jika 25 a wata, ni ce ta biyar. Sai kuma aka raba gadon mahaifinmu, aka sayar da wata gona can wajen Tibiri, rabona ya kama jika 200. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa riƙe jika 500 ba, yanzu barci ya gagare ni. Ƙanen mijina ya nuna mini wani abu a waya, wai in ka zuba kuɗi ana ba ka kashi 20 cikin 100 duk wata, har ya nuna mini abin da ya cire. Yayana mai fatauci zuwa Jibiya ya ce in ba shi duka, zai riƙa ba ni jika 15 duk wata, uwar kuɗina kuma tana nan. Innata ta ce in sayi zinariya da kayan ɗaki saboda babbar ɗiyata, alhali shekarunta 13, tana lakwal. Ana bina jika 45 a shagon unguwa, da jika 30 wajen mai ba ni gujiya. Maigida ya san da adashin, bai san adadin gadon ba. Ina zan sa kaina?

Ƙanwarki daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya sa albarka a abin da ya bar muku. Rashin barcin nan naki bai tayar mini da hankali ba. Wadda ta tayar mini da hankali ita ce wadda kuɗi ya shigo hannunta da hantsi, kafin la'asar ta riga ta yi alkawari uku.

Kafin mu je ga yayanki da ƙanen mijinki, ɗauko alƙalami mu yi ƙidaya, don jika 500 ɗin nan ba duka ba ne naki. Ke ce ta biyar cikin mata 12, ke nan saura zubi bakwai a kanki, jika 175. Wannan kuɗin ƴan'uwanki mata ne, sun ranta miki ba ruwa, kuma kowace tana zaune tana ƙidaya watanta. Haɗa da jika 75 na mai shago da mai gujiya, ya zama jika 250. Abin da yake naki tsakani da Allah rabi ne kawai, jika 250. Na san zubin daga cinikin mai zai riƙa fitowa kamar yadda ya saba, ban ce ki ƙulle jika 175 a ƙasan akwati ba. Abin da nake so ki riƙe shi ne, watanni bakwai ɗin nan za su kai ki cikin bazara, lokacin da gujiya ke tsada, ciniki ke ja da baya. Idan kin kai kuɗin inda ba za ki iya ɗauko shi ba, ranar da uwar adashi ta aiko yarinya ƙofar gidanki, mutuncinki ne zai biya.

Bashin nan biyu ki biya su gobe, tun kafin rana ta yi zafi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai kuɗi a hannu ba ta da dalilin kwana da shi. Ki lura da wani abu game da mai gujiya: farashin da yake ba ki tiya bashi ba shi ne farashin da yake ba wadda ta zo da kuɗi a hannu ba. Ɗan ƙarin nan da kike biya a kan kowace tiya, duk mako, shekara da shekaru, shi ne ribarki da ke tafiya ba ki sani ba. Ranar da kika biya shi tas, kin sayi bakin yin ciniki, kuma kin sami ƴancin zagayawa rumfar gaba idan nasa bai yi miki ba.

Yanzu abin waya. A nan ba zan yi miki kwana-kwana ba: kada ki zuba ko dala. Zo mu bi maganarsu da lissafi. Idan da gaske ne kuɗi na haihuwar kashi 20 cikin 100 duk wata, kika zuba jika 300 kika bar shi yana hawa kan kansa, cikin shekara guda ya haura miliyan 2 da jika 600. Cikin shekara biyar ya wuce miliyar 16. Ki duba manyan alhazan garin nan da suka yi shekara arba'in suna jigilar kaya tsakanin Kwatano, Maradi da Kano, waɗanda suka san kuɗi kamar yunwar cikinsu. Da akwai sana'ar da ke haihuwa haka, da sun sayar da manyan motocinsu sun zauna gida da waya a hannu. Kuma wanda ya mallaki irin wannan sirri, me zai yi da jika 300 na mai ƙuli-ƙuli?

Yadda abin ke tafiya ba ɓoyayye ba ne. Babu saye, babu sayarwa, babu gona, babu shago. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake ɗiba a ba waɗanda suka shigo jiya, a ce musu riba ce. Shi ya sa ake matsa wa kowa ya kawo mutum, har a ba shi lada a kan kowane kai. Muddin sababbi na shigowa, tsofaffi na cirewa, ana ta nuna wa juna saƙon waya. Ranar da masu shigowa suka ragu, sai a ce ana gyaran na'ura, a jira mako biyu. Daga nan shiru. Haka wani tsari irin wannan mai suna MMM ya yi a Najeriya: a watan Disamba 2016 ya rufe asusun mutane da sunan hutun wata guda, dukiyar talakawa ta tafi ke nan. Tun daga lokacin suna kawai ake canzawa, da launin hoton da ke kan waya. Ƙanen mijinki ba lallai ne yana yaudararki ba. Mai yiwuwa ya cire ɗin da gaske, don hatsin farko da ake watsa wa tsuntsu na gaske ne. Ki yi masa magana mai daɗi, ki ce kuɗin na da wurin zuwa, kuma don Allah ki ba shi shawara ya zare uwar kuɗinsa tun ƙofa na buɗe. Duk wanda zai karɓi ajiyar jama'a a ƙasar nan sai da izini: bankuna suna ƙarƙashin babban bankin BCEAO, ƙananan asusun ajiya da bashi kuma akwai hukumar ARSM da ke sa musu ido. Wanda ba shi da ofis da za ki taka da ƙafarki, ba shi da takardar izini, ba shi da fuskar da za ki gane gobe a kasuwa, wa za ki kai ƙara?

Maganar yayanki ta fi wannan nauyi, don shi jininki ne, kuma sana'arsa ta gaske ce. Amma sharaɗin da ya kawo yana da matsala ta fuska biyu. Ta fuskar addini, idan kin ba mutum kuɗi ya lamunce miki uwarsu, sannan ya yanka miki wani adadi tsayayye duk wata, wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma malamanmu riba suke kiransa, ribar da aka hana. Ki tambayi malamin unguwarku, za ki ji haka. Hanyar da shari'a ta buɗe ita ce ƙiradi: ke da kuɗi, shi da wahala, a yanka rabon ribar tun farko, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, gwargwadon yadda kuka yarda. In an samu a raba, in an faɗi ba da sakacinsa ba, asarar kuɗin taki ce, shi kuma ya yi asarar guminsa. Kin ga ke nan a hanyar halal babu wanda zai ce miki uwar kuɗinki tana nan ko ta halin ƙaƙa.

Ta fuskar kasuwa kuwa, jika 15 a wata kan jika 500 ya kama jika 180 a shekara, kashi 36 cikin 100. Sai ya ci ribar da ta haura wannan kafin ya sami na cefanen gidansa, kuma duk wata, har watan da hanya ta rufe. Mu mutanen Maradi ba sai an ba mu labarin rufe iyaka ba. Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai cikin Maris 2024. Kin tuna yadda hanyar Ɗan Isa ta yi tsit, kaya suka kwana a mangaza, masu bin bashi na sallama a ƙofar gidajen fatake. Ga kuma naira. Sefarmu a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya kusan sefa 656 tun 1999, ita kuwa naira an sake ta a watan Yuni 2023, aka bar kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk wanda ya bayar da kaya bashi a Jibiya ko Katsina da lissafin naira, ko da an biya shi cif, abin da ya canza ya kawo gida bai kai abin da ya fita da shi ba. Yayanki bai da iko a kan ko ɗaya cikin waɗannan. Alkawarin da ya yi miki da zuciya ɗaya ya yi shi, amma alkawari ne a kan abin da ba ya hannunsa.

Ni wannan hanyar na bi ta, ƙanwata, shi ya sa na daɗe a kanta. Shekarun baya na ba wani ɗan'uwana na jini kuɗin da na tara, ba takarda, ba shaida, don ina jin kunyar in ce a rubuta. Wata huɗu yana aiko mini da abin da ya yi alkawari. A na biyar ya aiko da rabi, a na shida ya daina ɗaukar wayata. Ni ina cewa rance na ba shi, shi yana cewa jari muka haɗa kuma kaya sun lalace. Kowannenmu ya gaskata abin da yake faɗa, don ba mu taɓa zama mun fayyace ba. Akwai ranar sunan da muka haɗu a gidan gwaggonmu, yana zaune a zaure na zo wucewa, ya sunkuyar da kai yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi, ni kuma na ja mayafi na shige. Shekara uku muka yi a haka. Kuɗin ban ƙara ganinsu ba, amma wallahi ba su ne suka fi ci mini rai ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Allah da ya halicci zumunci shi ya ce a rubuta.

Saboda haka idan zuciyarki na son ki taimaki yayanki, kuma ina ganin ya dace, kada ya wuce jika 100, wato abin da in ya tafi za ki yi kuka amma tukunyarki ba za ta sauka ba. Ku yi shi ƙiradi, a kan kaya sananne, zuwa lokaci sananne, a rubuta da sefa, mutum biyu su sa hannu. Ki ce masa, "Yaya, ba rashin yarda ba ne, akwai mutuwa akwai mantuwa, kuma cikin kuɗin nan akwai na mutane." Idan ya karɓa da fara'a, alama ce mai kyau. Idan takarda ta ɓata masa rai, to gara ɓacin ran mako guda da gabar shekara uku.

To, ina sauran za su? Wurin da ya fi kowane riba a gare ki yana tsakar gidanki, ke ce ba ki ɗauke shi jari ba don kullum kina cikinsa. Kin san gujiya. Kina damƙa hannu a buhu ki gane wadda ta bushe da wadda aka yi wa gaggawa, kin san tiya nawa ke ba ki kwalba nawa, kin san masu sayen ƙulinki da sunayensu. Wannan ilimin babu shi a wayar ƙanen mijinki, babu shi a motar yayanki. Yanzu kaka ce, gujiya na shigowa daga ƙauyuka, farashi a ƙasa. Ki ware kamar jika 120 ki sayi wadda za ki yi aiki da ita zuwa bazara. Ki saye ta da ɓawonta, ta fi jure ajiya. Ki tabbatar ta bushe ƙayau, in kin girgiza kina jin ƙwayar na kaɗawa. Ki ɗora buhunan a kan katako ko duwatsu, kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗakin da iska ke shiga. Gujiyar da ta sha danshi tana yin fumfuna, fumfunar nan kuma tana da dafin da ke lalata hanta, ba ya mutuwa da suya. Duk ƙwayar da kika ga ta yi baƙi ko ta yanƙwane ki tsince ki zubar, don yara ne mafi yawan masu cin ƙulin nan.

Sai hatsin gida. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Ki ƙidaya abin da gidanku ke ci a rana, ki ninka da kwanakin Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai iso ba. Idan tiya guda kuke ci a rana, buhu uku ke nan. Na ƙiyasta miki jika 80, ki gyara bisa farashin da kika tarar ranar Litinin ko Juma'a a kasuwa. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan, ya ga mata da yara a layin cibiyoyin tamowa, ba ya raina buhun hatsi a ɗaki. Amma ki saya don ci, ban ce ki saya don ki jira tsada ki sayar ba. Mutane na ɗauka farashin hatsi hawa kawai yake yi daga kaka zuwa damina, alhali akwai shekarun da ba ya motsi. Damina ta yi kyau, ko OPVN, hukumar ajiyar cimaka ta ƙasa, ta fito da nata a farashi mai rahusa, ko hukuma ta hana fitar da shi waje kamar yadda aka yi a Oktoba 2024, sai mai ajiya ya tashi da kuɗin buhu da na ɗauko a kansa. Hatsin da za ku ci kuwa ba ya faɗuwa, ko farashi ya sauka tuwo ne. Idan kin haɗa da wake, ki nemi buhun PICS mai riɓi uku, ki ɗaure kowane riɓi daban, ƙwari za su mutu don rashin iska ba tare da kin zuba magani a abincin ɗiyanki ba.

Jika 75 kuma ki ajiye su kuɗi tsabarsu, kada su zama komai. Zubin adashi uku ke nan in ciniki ya tsaya, ko kuɗin magani in masassarar damina ta kwantar da yaro da tsakar dare, ko gyaran babur in ya lalace, tunda shi ne ke kawo cefane. Na san za a ce miki kuɗi a zaune ba ya haihuwa. Gaskiya ne, ba aikinsa ke nan ba. Aikinsa shi ne ranar da tsautsayi ya zo kada ki kwashi gujiyarki ki sayar a wulaƙance. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki ajiye su a ɗaki inda kowane biki zai gutsura. Ki sa su a asusun wayarki da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani, ko a banki. Ki kuma bincika ko akwai ƙungiyar Mata Masu Dubara a unguwarku. A jihar nan tamu aka fara ta a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da dama sun kwaikaya. Bambancinta da adashi shi ne kuɗin na taruwa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, ana ƙidaya da ƙarfi kowa na ji. Mai buƙata ta ranta, a ƙarshen zango a raba. Ga kuma ɗan asusun taimako na haihuwa da rashin lafiya.

Jika 50 da suka rage, in gidanku da fili kuma kina da inda za ki samu harawa da dusa, ki sayi jar akuya. Cikinta wata biyar ne, kuma ta saba da tagwaye. Ki je da wanda ya san dabba ya duba haƙora da hantsa, ki kai ta rigakafi in ma'aikatan kiwo sun fito. Wannan ita ce amsata ga Inna, Allah ya ƙara mata lafiya. Tunaninta na uwa ne, amma kwanon da aka saya yau kafin auren yarinya ya zama tsohon yayi, zinariya kuma ranar saye akwai kuɗin ƙira da ba ya dawowa ranar sayarwa. Ki ce mata akuyar nan ta jikarta ce, duk abin da ta haifa na kayan ɗaki ne in lokaci ya yi. Ita kuwa yarinya a bar ta da karatunta, ki tabbatar kowane Oktoba littafi da alƙalami ba su gagare ta ba.

Na bar maganar maigida a ƙarshe da gangan. Gadonki naki ne, shari'a ta ba ki, ba shi da iko a kansa sai abin da kika ba shi da daɗin rai, kuma ciyar da gida a wuyansa yake, ba a naki ba. Amma ɓoyon nan ba zai ɗore ba. Ƙanensa ya riga ya ji ƙanshin kuɗi, kuma gonar da aka sayar a Tibiri ba allura ba ce. Gara ya ji daga bakinki da ya ji a tashar ƴan kabu-kabu. Ki fara biyan bashin, ki sayi gujiyar da hatsin, sannan ki zaunar da shi da dare bayan yara sun kwanta, ki ce, "Maigida, ga abin da Allah ya kawo, ga yadda na yi da shi." Ki faɗa masa a fili ko hatsin gudummawa ce kika yi wa gida ko rance ne zai mayar a hankali, kada ki bar shi a dunƙule. Ki kuma roƙe shi, tunda nauyin hatsin damina ya sauka daga kansa, ya riƙa ware ko dala ɗari ce kullum daga abin da babur ya kawo, ku sa a wuri guda.

Gobe da safe ki ɗauki jika 45 ki je shago, ki ce ya buɗe littafin ya soke sunanki a gabanki. In kun zauna da yayanki, ki rubuto mini yadda kuka ƙare.